Ranar Da Gari Ya Yi Wa Babana Dariya

Kowa a zauren yana dariya, ban da ni da Yaya.

Matar da ke zaune kusa da ni har dukan cinyata take yi, tana share hawaye da gefen mayafinta. A kan dandali kuwa, ƙarƙashin farar fitila, mutumin da na yi wa alkawarin aure ne ya ranƙwafa, ya ɗage kafaɗa ɗaya, yana jan ƙafar hagu. Ya yi kamar ya ɗebo miya da ludayi, ya kai baki, ya lumshe ido. Sai ya juyo ya dubi jama'a da kallon wanda ya ɓata a cikin gidansa.

"An sa gishiri?"

Muryar Babana ce. Wallahi ko ni da ya haifa, da idona a rufe yake da na amsa.

Ya barbaɗa gishirin, ya yi taku biyu, ya manta, ya dawo ya sake tambaya. Zaure ya kece. A karo na gaba ba su ma jira shi ba, su suka yi masa tambayar baki ɗaya, suna tafi, suna ɗaga waya suna ɗaukarsa.

Yaya bai dube ni ba. Ya sunkuyo kaɗan ya ce, "Auta, wannan ne mutumin da kika ce in zo in gani?"

Ya miƙe ya gyara rigarsa, ya ratsa tsakanin gwiwoyin mutane ya fita. Ni kuwa na zauna na kalli abin har ƙarshe.

Ni kuku ce, 'yar kuku. Babana ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana babban kuku a wani otal a tsakiyar gari, da ya ajiye aiki sai ya buɗe ɗan gidan abinci a jikin gidan wasan kwaikwayo, bango ɗaya ya raba mu da su. A nan na girma bayan rasuwar mahaifiyarmu, tsakanin buhun albasa da tukunyar shinkafa. 'Yan wasa kan shigo mana da kwalliyar dandali a fuska, ka ga sarki ya ajiye rawaninsa a kan tebur yana roƙon a ƙara masa miya, ɓarawon da ya yanke wa hukunci ɗazu yana zaune a gefensa suna cin kwano ɗaya. Ba na bukatar agogo a kicin ɗina. Idan na ji dariyar nan mai girgiza bango, na san ɗan barkwanci ya hau, wasa ya kusa tashi, sai in jera kifi a kan wuta. Kafin jama'a su fito ya gasu.

Ɗan barkwancin nan shi ne Tsinke. Haka kowa ke kiransa, kuma duk wanda ya gan shi ba zai tambayi dalili ba. Ranar da ya fara shigowa na zuba masa abinci na ƙara, don tausayi, ya dubi kwanon ya ce shi dai bai yi mini laifin komai ba, me ya sa nake son kashe shi. Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Ba ni da arhar dariya, duk layinmu an san ni da haka. Daga ranar ya ɗaura ɗamara. Ya kwaikwayi mai kawo mana gas, ya kwaikwayi yadda nake harare idan mutum ya bar nama a kwano, ni dai ko gezau. Ya ce a duk garin nan ni ce zauren da ya fi ba shi wuya. Ranar da dariyar ta ƙwace mini kuwa ba da wasa ya same ta ba, santsi ne ya kwashe shi da tiren kofuna a hannu.

Ranar da babu wasa, da la'asar, yakan ja ni mu shiga gari. Ni da aka haifa a garin, a wurinsa na san shi. Ya kai ni wajen wata tsohuwa mai gasa kifi a ƙarƙashin gada, ya kai ni wani lungu bayan tashar mota inda ake layi saboda miyar wani mutum da ba ya gaisawa da kowa. Ni in ɗanɗana in lissafa masa abin da aka zuba a ciki, shi kuma in mun fito ya mayar mini da mai abincin sak, har yadda yake goge hannu a gaban riga. Mu dawo a ƙafa muna gardama, motoci na yi mana hon. Yakan kira ni 'yar kukuna. Na so shi, so irin wanda ba na iya ɓoyewa ko a gaban tukunya.

Sai dai akwai labule a bayan kicin ɗina, kuma ba kowa ke ɗaga shi ba.

Ciwon Baba a hankali ya zo. Ya fara da manta inda ya ajiye makulli, ya koma manta hanyar gida, har ya kai ranar da na durƙusa na gaishe shi ya ce, "Malama, ke sabuwa ce a nan?" Tun daga ranar ni Malama ce a wurinsa. Duk safiya nakan taho da shi, in sa masa farar hularsa ta kuku, in zaunar da shi a bayan labulen nan kusa da ƙaramin risho da 'yar tukunyarsa. Ya yanka albasa, ya zuba gishiri iya son ransa, ya leƙo tukwanena ya yi mini faɗa. Masu cin abinci ba su san yana nan ba. Mutum ne da manyan baƙi ke aikowa a kira shi don su yi masa godiya, ban yarda a gan shi haka ba. Tsinke kaɗai na ɗaga wa labulen. Yakan zauna da Baba tsawon hantsi, ya amsa tambaya ɗaya sau nawa aka yi ta ba tare da ya ƙosa ba, ni kuma ina jin su ina gode wa Allah.

Yaya shi ne babba a gidanmu, mai shagon kayan gini, mutum ne da ba ya ɗaukar wargi. Da na kai masa maganar aure ya ce atafau. Ya ce ban dariya ba sana'a ba ce, kuma wanda bai ji kunyar mayar da kansa abin dariya ba, ba zai ji kunyar mayar da matarsa ba. Na yi kuka, na yi fushi, na tura matarsa ta roƙe shi. Da ƙyar ya yarda zai zo sau ɗaya ya gani da idonsa.

A nan na yi wautar da na yi. Na je wurin Manajar gidan wasan na nemi kujeru biyu, na roƙe ta kada ta gaya wa Tsinke, don na san in ya ji Yaya na zaure harshensa zai sarƙe. Manaja ita ta tsinto shi yana ba mutane dariya a tashar mota, ita ta hau da shi dandali. Tana kiransa yarona, amma duk layinmu an san ba kallon yaro take yi masa ba, shi kaɗai ne bai sani ba. Ta yi mini murmushi har kunne, ta ce ai sirrina a rufe yake, ta ba mu kujeru a tsakiyar zaure.

Da aka tashi na koma kicin. Kifi ya ƙone a hannun masu taya ni aiki, na sallame su. Ina tsaye gaban wurin wanke-wanke ya shigo da gudu, gumi ya jiƙa rigarsa. An riga an gaya masa muna zauren.

Ya yi ta magana, kalma na hawa kan kalma. Ya ce bai taɓa shirya abin don dandali ba, sau ɗaya ya yi wa abokan aikinsa a wajen gwaji, Manaja ta ji. Yau ana saura kaɗan ya hau ta tare shi ta ce mutanen talabijin na zaure, tsofaffin barkwancinsa sun yi sanyi, in yana son ya yi gaba a rayuwa ya yi na tsohon kukun nan. Ta rantse masa babu wanda ya san tsohon a cikin masu kallo.

"Wallahi ban san kuna nan ba, Auta. Da na sani..."

"Da ba ma nan fa? Da ya zama daidai?"

Tun da na san shi ban taɓa ganin bakinsa ya rasa abin faɗa ba sai ranar.

"Ina son Baba," in ji shi daga baya. "Duk abin da nake so, shi nake kwaikwaya. Ban san wata hanyar so ba."

"To ka je ka koyo wata. Na ɗaga maka labule, kai kuma ka ɗaga wa gari."

Na nuna masa ƙofa da soson wanke-wanke a hannuna. Ya fita. Na san Manaja ta haƙa ramin, amma ba ta tura shi ba, da ƙafarsa ya shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo abin ya shiga kowace waya. Yara na yi a hanyar makaranta, direbobi na yi wa juna ta taga. Kuma gari ba wawa ba ne, mutane suka haɗa biyu da biyu suka gane wane kuku ne ke jikin gidan wasa. Ciniki ya ƙaru, ban taɓa ƙin ciniki irin na lokacin ba. Mutum ya karɓi kwanonsa ya ƙyafta mini ido ya tambaye ni ko an sa gishiri, ya jira in yi dariya.

Wata rana ina can ina tace shinkafa, wasu samari suka yaye labulen. Ɗaya ya saita waya, ɗaya ya ranƙwafa ya yi wa Baba tambayar da muryar Baba. Baba ya miƙe da sauri, ya cire hularsa, ya ce su yi haƙuri ranku ya daɗe, yanzu zai duba, ba a saba samun kuskure a kicin ɗinsa ba. Suka fashe da dariya. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, bai san laifin da ya yi ba. Ban san lokacin da na rarumi ludayi ba. Har bakin titi na kora su, mutane na riƙe ni.

Washegari Yaya ya zo da mota ya tafi da Baba gidansa. Ban yi gardama ba, da wane baki? Ya ba shi ɗaki mai kyau a can ciki, da gado da fanka da talabijin. Matar Yaya mutuniyar kirki ce, ta riƙe shi kamar mahaifinta. Amma Baba ya daina cin abinci.

A kai masa kwano ya duba ya kau da kai. Na dafa duk abin da na san yana so, na ɗauko a kula tun daga wurin aiki, na durƙusa na roƙe shi. Ya ce, "Na gode, Malama, ajiye." In dawo in tarar da shi yadda na ajiye. Sai ruwa da ɗan shayi, shi ma da lallashi. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Ya daina tambayar komai, ya daina faɗa, kuma rashin faɗan nan ya fi komai tsorata ni.

Tsinke na kirana a waya, ba na ɗauka. Manaja kuwa har ƙafa ta tako ta zauna a teburina, tana kaɗa makullin mota. Ta ce an shirya masa babban wasa da za a nuna a talabijin, kuma ai kamata ya yi in gode masa, ya sa gari ya san wurina. Na dube ta sama da ƙasa na ce abinci ya ƙare. Tukunya na tafasa a bayana tana gani.

Yammacin babban wasan, layin mutane har kwanar titi. Na ce wa zuciyata babu ruwana, amma bango ba ya rufe kunne. Na ji tafin da aka yi da ya hau. Na ji dariya kaɗan-kaɗan. Sai aka fara kiran gishiri, gishiri, ana buga ƙafa har cokulana na motsi a kan kantar kicin. Na riƙe bakin tebur na rufe ido, ina jiran dariyar da za ta ƙarasa ni.

Ba ta zo ba.

Shiru ya yi tsawo, sannan ihu ya tashi, ba irin na daɗi ba. Can sai ga mutane suna fitowa tun ban ɗora kifi ba, suna zage-zage. A bakinsu na tsinci labarin. Wai Tsinke ya tsaya ƙyam ya ce tsohon nan mahaifin wasu ne, ya ɗauki abin da ba nasa ba, kuma ba zai ƙara ba ko za a yanka shi. Suka jefe shi da robobin ruwa, bai kauce ba. Mutanen talabijin suka naɗe wayoyinsu. Kafin gari ya waye Manaja ta sa an sauke hotonsa daga allon ƙofa.

Zuciyata ta motsa, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya yi bai sa wa Baba loma ɗaya a baki ba, don haka na ci gaba da ƙin ɗaukar wayarsa.

Ranar da likita ya ce in Baba bai ci komai ba zuwa gobe sai an kwantar da shi an sa masa ƙarin ruwa, ina gidan Yaya da hantsi aka buga ƙofa. Tsinke ne, ya ƙara ramewa, in ma hakan na yiwuwa. Yana riƙe da leda, albasa da tumatir na leƙowa. Yaya ya shaƙe wuyan rigarsa ya haɗa shi da ƙofa, Tsinke bai ɗaga hannu ya kare kansa ba. Ya ce ba maganar aure ta kawo shi ba, ya san ya zubar da wannan. Ya ji Baba ba ya cin abinci, kuma akwai abin da ya lura da shi. Duk zaman da ya yi da Baba bai taɓa ganin ya ci daga kwanon da aka ajiye masa ba. A tsaye yake ci, daga tukunya, kuma sai ya gama gyara wa wani kuskure.

Gaskiya ne. Shekara da shekaru Baba na cika cikinsa da ɗanɗano a bayana, ni kuma na ba shi baya ina fama da wuta. Mun ɗauke shi daga kicin mun mayar da shi baƙo, shi kuwa bai taɓa zama baƙo a gaban abinci ba.

Yaya ya ce, "Wato wani wasan ka zo yi da ubana?"

"Wasa ne, Yaya. Shi kaɗai na iya. Amma wannan babu mai kallo sai shi."

Matar Yaya ce ta sa baki, ta ce a bar shi ya gwada, in bai yi ba ai asibiti na nan. Yaya ya sake shi yana huci.

Muka buɗe ƙofar ɗakin Baba. Tsinke ya ajiye risho daidai inda zai gan shi daga gado, ya tsuguna, bai ko gaishe shi ba. Ya kama wuƙa kamar mai sassabe, ya hau saran albasa da ɓawonta. Ya zuba ta a mai tun bai yi zafi ba. Ya jefa tumatir ɗungurungum, ya saki murfi ya faɗi ya yi ƙara, ya ɗauka ya rufe bai ɗauraye ba. Ni kaina sai da hannuna ya yi ƙaiƙayi. Baba ya juyo da kai. Ya kalla, ya kau da ido, ya sake kalla. Na ga leɓensa na motsi.

"Kai! Wane mugun ne ya koya maka girki?"

"Sabon yaro ne, ranka ya daɗe. Yau na fara."

"Ai ko ba ka faɗa ba. Matsa!"

Ya sauko daga gado da kansa, yana dafa bango. Ya karɓe wuƙar, kuma hannun nan da ke rawa a kan kofin shayi bai yi rawa a kan albasa ba. Ya sa aka zubar da na farko aka sake. Ya yi faɗa, ya yi tsaki, ya ce yaran yanzu ba su da kunya. Da miya ta haɗu ya ɗebo a ludayi ya ɗanɗana, ya ce saura kaɗan, ya sake ɗebowa. Ya yago burodi ya dangwala don ya nuna wa sabon yaro yadda ake gane miya ta nuna. Ya ƙara yagowa. Na laɓe a bayan ƙofa na toshe bakina da mayafi, Yaya kuwa ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Daga ranar, kullum da hantsi Tsinke na ƙofar gidan da ledarsa. Kullum Baba ya tambaye shi ko shi wane ne, kullum ya ce sabon yaro ne, yau ya fara. Dandali ya rufe masa, sai 'yan ƙananan wurare da yake zagawa da yamma, inda wani lokaci hayaniyar masu cin abinci ke danne muryarsa. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Hannunsa ya fara iya aikin, dole ya riƙa ɓata shi da gangan, har yatsunsa suka cika da yanka. Ni kuwa tsakanina da shi miƙo wuƙa, ɗauke tukunya. Bai ƙara gwada ba ni dariya ba ko sau ɗaya, kuma abin mamaki, wannan ya fi yi mini ciwo.

Baba ya murmure. Kumatunsa suka dawo, faɗansa ya dawo.

Wata safiya ina gefe ina tsince shinkafa, Yaya na tsaye bakin ƙofa zai fita shago. Tsinke ya ƙona albasa kamar yadda ya saba, Baba ya gama yi masa wankin babban bargo, shi kuma ya ce a yi haƙuri zai gyara. Sai Baba ya ajiye ludayi ya tsaya yana dubansa.

"Kai dai ba za ka taɓa zama kuku ba," in ji shi. "Hannunka mataccen hannu ne. Amma ba ka da zafin rai. Kana da mata?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Ina da 'ya. Autata. Ƙarama ce, tsayinta bai wuce teburin nan ba. Uwarta ta rasu ta bar mini ita..." Sai ya yi murmushin da na manta yana da shi. "Zuciya gare ta kamar barkono. In ta yi fushi ba a lallashinta, ƙara hawa take yi. Sai dai ka zauna kusa da ita ka yi shiru har ta sauko da kanta. Ba kowa zai iya da ita ba. In ta girma, kai zan ba."

Shinkafar ta zube daga hannuna. Ina zaune a gabansa, da girmana da komai, yana ba da ni bai san ni ba ce.

Tsinke bai dube ni ba. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan allon yankan albasa.

"Zan jira ta, Baba. Ko yaushe ta girma."

Yaya ya yi gyaran murya ya fita. Da yamma ya kira ni ya ce shi har yanzu bai yafe ba, kuma ba ya jin zai taɓa son sana'ar nan. Amma uba ya riga ya yi magana a gabansa, shi wane ne da zai tayar? Saura ni.

Washegari na tarar da Tsinke a bayan gida yana kankare tukunyar da ya ƙona. Na tsaya a kansa na daɗe. Sannan na faɗi abin da ya kwana yana cina.

"Abin da Baba ya faɗa jiya... zai cika zaure. Da shi kaɗai za ka koma inda ka faɗo."

"Zai cika," ya ce, bai daina kankara ba. "Za su yi dariya, sannan su yi kuka. Ban taɓa jin abin da ya kai shi ba, 'yar kukuna. Kuma da shi za a binne ni."

Na tsuguna na karɓe soson daga hannunsa, na ce ba haka ake kankare tukunya ba, zai huda ta. Ya dube ni, na dube shi. Ba mu yi dariya ba, amma daga ranar na fara ɗaukar wayarsa.

Da ranar aurenmu ta zo, ba mu yi taro mai yawa ba. Da safiyar ranar, bayan an gama shirya ni, na ce a ba ni wuri in ga Baba ni kaɗai. Yana zaune bakin gado da farar hularsa, yana jiran a kawo risho. Na durƙusa a gabansa da kayan amarcina. Ya dube ni da kyau, ya ce Malama yau babu aiki ne, irin wannan ado? Na ce aure zan yi, Baba. Ya tambayi wa zan aura, na ce sabon yaron nan mai ƙona albasa.

Ya girgiza kai, ya yi shiru, har na zaci maganar ta ɓace masa.

"Kin riga ni," ya ce a hankali. "Na so in ajiye wa 'yata shi. Amma ƙarama ce, ba zan tsare bawan Allah ba... Ki aure shi, Malama. Ki riƙe shi da kyau."

Ya ɗora hannunsa a kaina, hannun na ƙanshin albasa.

"Zan riƙe mata shi, Baba," na ce.